Takunkumin Almakashi

Kakarta ce ta raɗa mata Ta-Sannu tun tana 'yar mitsitsiya, saboda yarinya ce da in aka aike ta ɗebo ruwa a kofi, sai ƙishirwar mai aiken ta wuce kafin ta iso, amma fa ko ɗigo ba zai zuba a ƙasa ba. Sunan ya bi ta makaranta, ya bi ta gidan miji, ya kuma bi ta ɗakin bincike na jami'a, inda ta ƙarar da ƙuruciyarta har furfura ta fito. A can ɗalibai suka ƙara masa Anti don ladabi. Farfesa, shugaban ɗakin, Malama yake ce mata in ransa fari ne. In kuwa ya kira Ta-Sannu zalla, to akwai magana.

Ita ba likita ba ce, ba kuma ta taɓa tsayawa gaban aji ba. Ma'aikaciyar ɗakin bincike ce, irin waɗanda ake sa sunansu can ƙarshen takarda wajen godiya, inda ba mai karantawa sai su da kansu. Amma dangi tun da suka ga farar riga suka yanke hukunci likita ce, kuma ba ɗaukaka ƙara. Mai ciwon gwiwa ya kawo mata gwiwa, mai ƙurji ya kware riga ya nuna mata. Ta yi bayani har ta gaji, ta koma cewa kowa, "Allah ya sawwaƙe, a je asibiti."

Mijinta tela ne, shagonsa na bakin layinsu, ɗaki ɗaya da keke biyu da wata kyanwa mai jin kanta da ta mallake tarin ƙyallen da ke bayan ƙofa. Sun aurar da 'ya'ya, gida ya koma su biyu. Shi kaɗai ne a dangi ya taɓa tambayarta, da niyyar ya ji amsa, me take yi a wurin nan tun safe har yamma.

Ta ce, "Malam, ka ga ƙwayoyin cutar nan da ake sha wa magani? Akwai masu taurin kai a cikinsu da suka ƙera wa kansu almakashi. Da magani ya shiga jiki, kafin ya taɓa su sun datse shi biyu. Mara lafiya ya shanye kwali guda, kamar ruwa ya sha."

"Almakashi irin nawa?"

"Naka ai yana dakushewa. Wannan bai san mawashi ba. Enzayim ake ce masa."

"To ku mene ne naku a ciki?"

"Takunkumi muke nema masa. Abin da zai shiga bakin ya maƙale ya ƙi fita, magani ya samu ya wuce ya yi aikinsa."

Tela ya yi dariya har ƙafarsa ta zame daga kan keke. "Almakashi da takunkumi, sai ka ce jaki mai ɓarna! To Allah ya ba ku sa'a. In kun samu ku ɗinka min guda, akwai bakunan da nake so in sa wa a layin nan."

Ɗinkin takunkumin ba aikinta ba ne. Aikin wata sa'arta ce da ke hawan ƙasa, mai haɗa sinadarai, wadda kowa ke kira Mai Turare don tsokana, domin in ta shigo ɗaki warin abubuwan da take dafawa yakan riga ta sallama. Mace ce mai faɗa da saurin dariya, yatsunta duk tabon ƙuna. Tare aka ɗauke su aiki, tare suka yi goyo, tare suke cin abincin rana a wani benci da ke ƙarƙashin matakala, suna zagin mai gyaran janareta da duk wanda ya ƙirƙiro taron ma'aikata. Mai Turare ta haɗa takunkumi iri-iri, yawancinsu almakashin ya tauna ya zubar kamar ba a yi ba. Daga ƙarshe ta dace da wani da ya riƙe bakin a cikin kwalbar gwaji. To amma riƙewa a kwalba ji ne, masu ba da izinin ci gaba da aiki kuwa gani suke so. Sai an nuna musu hoton bakin almakashin da takunkumin zaune a ciki, an ga inda ya kama da inda ya yi sako-sako, sannan a san ta inda za a gyara.

Nan ne aikin Ta-Sannu. Abin da za a ɗauka hoto ya yi ƙanƙantar da babu madubin da zai nuno shi. Dabarar ita ce a lallashi dubban dubbansa su jeru sahu-sahu har su dunƙule su zama lu'ulu'u, ɗan tsaba da bai kai ƙwayar sukari ba. Shi za a daskarar, a tura wata ƙasa mai nisa inda ake da babbar na'urar eksire, su haska shi su aiko da siffar abin da ke ciki.

A faɗe dai da sauƙi. Sai ta noma ƙwayoyin cutar a manyan kwalabe cike da romo mai ɗoyi, ta fasa su, ta tace, ta sake tacewa, har abin da ya cika bokiti ya koma ɗan ruwa garai a gindin kwalba kamar hawaye. Sai ta ɗiga shi kan 'yan gilasai, ta kife kowanne a bakin ramin faranti, ta liƙe da mai, ta kai ɗakin sanyi ta jera a kanta. Daga nan sai jira. Ba a girgiza faranti, ba a buga ƙofa, wanda ya yi atishawa kusa da kantar nan zai ji abin da bai taɓa ji ba daga bakin mace mai sanyin hali. Kowace safiya takan sa rigar sanyi a kan farar riga, ta zauna gaban madubin ƙara girma, ta bi ɗigon nan ɗaya bayan ɗaya. Abin da take gani kullum shi ne dai: wani ya tsinke kamar madarar da ta kwana, wani ya yi gurɓi-gurɓi, wani yana nan garai yana kallonta kamar bai san me ake jira ba.

Shekaru suka tafi a haka. Sanyin ɗakin ya zauna mata a gwiwa da kafaɗa. Wuta ta sha ɗaukewa a ƙarshen mako janareta ya ƙi tashi, ta zo ta tarar da aikin wata da watanni ya zama ruwan banza, ta kwashe ta wanke ta sake. Akwai shekarar da wani abu mai ƙyalli ya fito, Farfesa ya yi murna har ya saya wa kowa lemo, aka tura, amsa ta dawo cewa gishiri ne tsagwaronsa. Mai Turare ta daɗe tana cewa ba ta taɓa shan lemon gishiri mai daɗin wannan ba. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, amma ba a faɗi yawan itacen da yake ƙonawa ba.

Kyanwar Tela ce ta kawo sauƙi, ita da ba ta taɓa yi wa kowa alheri da gangan ba. Masu wannan sana'a suna da wata tsohuwar dabara: in aka samu 'yan tsaba marasa kyau, sai a shafe su da gashin bakin kyanwa, a ja gashin a cikin sabon ɗigo, ɓurɓushin da ya maƙale ya zama iri. Ta-Sannu ta durƙusa a shagon mijinta tana tone tarin ƙyalle tana neman gashin da kyanwar ta zubar, masu kawo ɗinki suna kallonta suna kallon Tela.

Ya ce musu, "Kada ku damu, ilimi ne. In ya yi yawa haka yake yi."

Ba a daɗe ba, wata safiya ta leƙa madubi ta ga lu'ulu'un sun fito a kan layin da gashin ya bi, masu kusurwa, garai-garai, haske yana wasa a gefensu. Ba ta yi ihu ba. Ta daɗe zaune tana kallonsu, abin da ta ji kuwa ba murna ba ce zalla, har da haushi, don sun zo a makare. A lokacin hannunta na dama ya riga ya fara rawa.

A shagon Tela abin ya fara bayyana. Idonsa ya yi rauni tun tuni, don haka kowace safiya kafin ta wuce aiki takan tsaya ta zura masa zare a alluran hannu ta soke su a jikin labule. Ran nan zaren ya yi ta zagaya kafar allura ya ƙi shiga. Ta lashi bakinsa, ta murza, ta sake, ya ƙi. Ta ce hasken shagon ne. Washegari dai ta tarar Tela ya sayo 'yar wayar nan da ake zura zare da ita, ya ce wai wani mai talla ne ya matsa masa.

Rawar ba kullum take zuwa ba, kuma wannan ne sharrinta. Wata rana hannun ya kwanta lafiya lau har ta ce ai gajiya ce ta wuce, wata rana ya tashi da ita tun daga wanke fuska. Asibitin koyarwa yana nan tsallaken titi, tana hango shi ta taga, amma wanzami ba ya son jarfa. Ta san in ta shiga can aka ba abin suna, sunan zai riga ta dawowa ofis. Ta kuma san inda ake kai irinta. Akwai sito a ƙarshen baranda, ba taga, inda ake ajiye ma'aikacin da ya tsufa ya riƙa miƙa wa ɗalibai safar hannu da sabulu har ranar sallamarsa. Ta ga an kai mutane can, ta ga yadda ake gaishe su da murya mai taushi kamar masu jinya. Ba ta da digirin da za ta jingina da shi, ba ta da ofis mai suna a ƙofa. Abin da take da shi a ginin nan hannu ne, wanda Farfesa ke nuna wa baƙi yana cewa duk jami'ar babu irinsa. So take ta gama wannan aiki da hannun nan, ta ga takunkumi a bakin almakashi, sannan ta fita ta babbar ƙofa da mutuncinta.

Sai ta koyi ɓoyo. Ta riƙa sa hannun a aljihun farar riga in ana magana da ita. Ta koma ɗaukar faranti da hannu biyu, ta ce ladabi ne ga aiki. Aikin da ke son natsuwa ta mayar da shi lokacin da kowa ya fita cin abinci. Ɓoyon ya fi aikin kansa gajiyar da ita, takan koma gida kamar wadda ta yini tana dako.

Ranar da Mai Turare ta hawo da takunkumin, a cikin wata 'yar kwalba ta kawo shi, ɗan farin gari da bai rufe gindinta ba.

Ta ce, "Ga shi nan, 'yar'uwa. Duk abin da na mallaka ke nan a duniya, in kin cire bashin barci. Kafin in sake haɗa wani sai an yi watanni, don haka ko numfashi za ki yi, ki juya baya."

Ƙa'idar aikin a bayyane take, Ta-Sannu ma ita ke koya wa mutane. Da safe ake narka garin a ɗiga a kan lu'ulu'un su jiƙa, takunkumin ya ratsa ya shiga bakunan. Kafin la'asar dole a tsamo su a daskarar. Dalili kuwa, almakashin nan ko a dunƙule yake bai mutu ba. Yana nan yana tauna takunkumin a hankali, in aka ba shi lokaci zai gutsure shi ya tofar. Sanyi ne kaɗai ke tsayar da shi da abin a baki. Ana tsamowar ne da wani ɗan zarge na zare a bakin allura, wanda ido ba ya gani sai a madubi. A zura shi cikin ɗigo, a tallafo lu'ulu'un kamar mai ɗaukar jariri a ruwan wanka, a tsoma cikin ruwan naitirojin mai hayaƙi da tsananin sanyi, duk a numfashi ɗaya.

Ta jiƙa su da safe, ta zuba garin duka don kada a ce bai isa ba. Da rana ta yi, kowa ya fita, ta zauna ta ɗauki allurar. A madubi komai girma yake yi, har da abin da mutum ba ya son gani. Zargen da ya kamata ya shiga a hankali sai ga shi yana kaɗawa kamar reshe a iska. Ta ajiye, ta matse hannun a cinya, ta yi addu'a, ta sake ɗauka. Ta dafe wuyan hannun da na hagu. Ta nufi mafi kyawu a cikinsu, wanda ta yi makonni tana gaisarwa kowace safiya, zargen ya kai masa duka, ya tarwatse ya zama gari.

Farfesa yana ofis, taku kaɗan ne, kuma a ƙuruciyarsa ya yi wannan aiki, ko da lalube zai tsamo guda biyu. Ta san haka sarai. Ta tashi har bakin ƙofar ɗakin sanyi, ta riƙe mariƙin, sai siton nan ya faɗo mata a rai. Ta koma ta rufe ɗigon, ta mayar da farantin can ƙuryar kanta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, in ji ta a ranta, gobe hannun zai kwanta.

Da yamma Farfesa ya leƙo yana saɓe da jaka. "Malama, an daskarar?"

"An gama, ranka ya daɗe."

"Madalla. Ai na san ba sai na tambaya ba."

Gobe ta zo hannun bai kwanta ba, jibi ma haka. Neman ƙarin gari wurin Mai Turare ba zai yiwu ba, babu shi, kuma tambayar ma tonon asiri ce. Kullum sai ta leƙa ta gan su suna nan da kyansu, ba abin da ya canza a ido, sai ta rarrashi kanta cewa wataƙila wannan takunkumin ya fi sauran tauri, wataƙila sanyin ɗakin ya rage wa almakashin kuzari. Mutum in yana son ya yaudari kansa ba ya rasa hujja, balle wanda ya san aiki. Sai da aka haura mako, ana gab da zuwan masu ɗaukar kaya, ta tashi da hannu lafiyayye kamar na budurwa. Ta tsamo su ɗaya bayan ɗaya, ko guda bai yi ƙwarzane ba. Ba ta taɓa yin aiki mai tsabtar wannan ba. Aka rufe su a ƙaton fulas mai hayaƙi, mota ta zo ta ɗauka.

Da hoton ya iso, Farfesa ya tara Ta-Sannu da Mai Turare gaban kwamfutarsa cike da ɗoki. Ga shi nan, abin da Ta-Sannu ta yi wa bauta rabin rayuwarta ba ta taɓa ganin fuskarsa ba. Bai yi kama da almakashi ba ko kaɗan. Wani dogon zare ne da ya naɗe kansa, nan ya murɗe kamar igiya, can ya shimfiɗu falle-falle, ya kasu gida biyu da suka jingina da juna, a tsakaninsu wani ɗan kwari. Farfesa ya juya shi, ya matso da kwarin, ya nuna musu haƙorin da ke datse magani. Hoton ya fito tar, ya ce bai taɓa samun mai kyansa ba. Sannan ya ƙara matsowa, ya juya ta wancan gefen.

Bakin a buɗe yake, ba komai a ciki sai ruwa.

Mai Turare ta ce, "Juya dai, ranka ya daɗe. Ko yana ta baya."

Ya juya. Babu.

Ya cire tabarau ya murza ido. "Ruwa ba ya tsami banza. Lu'ulu'un ba su da laifi, kin ga hoton da idonki. Aikin Malama kuwa ba na shakkarsa. Ko dai takunkumin ba ya zama yadda muka zata, ko kuma wani abu ya samu haɗin tun a wurinki."

Mai Turare, wadda ba a taɓa faɗa mata ɗaya ba ta mayar da uku ba, ta ce, "To." Ta sauka ƙasa. Ta-Sannu tana tsaye da hannu a aljihu, tana jin yadda yake bugun cinyarta.

Daga ranar benci ya koma na mutum ɗaya. In Ta-Sannu ta sauka nemanta, sai ta hango ta ta gilashin ƙofa tana sake wanke kwalaben da ta riga ta wanke, tana auna abu ta zubar ta sake aunawa. Ta daina faɗa da mai janareta. Ta rame a wuya. Sau da yawa Ta-Sannu ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa, sai ta ga hannun, ta mayar da shi aljihu ta hau sama. Kunya take ji, amma tsoro ya fi kunyar ƙarfi.

Wata Asabar da hantsi tana zaune a shago, Tela yana yanka yadi, ta ba shi labarin duka ba tare da ta dube shi ba. Ya gama yankansa, ya ninke, sannan ya ce, "Ni dai tela ne. Amma in na ɓata wa mutum yadi, ba na cewa masaƙa ce ta yi shi a karkace."

"Sito za su kai ni, Malam."

"Na sani." Ya ɗauki wani yadin ya shimfiɗa. "Ita kuma baiwar Allah ina za su kai ta?"

Ranar Litinin ta zo, amma ba ta faɗa wa Farfesa ba. Ta bar wani makon ya wuce, tana fata abin zai lafa da kansa, a ce an yi an gama.

Farfesa ne ya kira su ofis su biyu, ya rufe ƙofa. Shi ma ya tsufa a 'yan kwanakin nan. Ya ce masu ba da izini sun ga hoton, sun yaba da siffar, amma sun ce a bar wannan takunkumin a nemi wata hanya. Ɗakin Mai Turare za a ba wasu masu wani aikin, ita kuma a mayar da ita duba gwajin 'yan aji ɗaya har lokacin ritayarta. Yana magana yana kallon tebur.

Mai Turare ta ce, "Ba komai, ranka ya daɗe. Dama na daɗe ina jin kaina ba daidai ba. In mutum ya tsufa ai gara a gaya masa."

Ta-Sannu ta ji maganar har cikin ƙashinta. Ta zaro hannun daga aljihu ta ɗora a kan teburin Farfesa, tsakanin kwamfuta da kofin alƙaluma, ta buɗe yatsun. Ranar kuwa rawar ta tashi da ƙarfi, zobenta yana ƙwanƙwasa katako, ƙas-ƙas-ƙas, ba mai cewa bai ji ba.

Ta ce, "Ban daskarar da su ranar ba. Na fasa guda, na ji tsoro, na rufe. Sun haura mako a jiƙe kafin in iya tsamo su. Takunkumin ya shiga, ranka ya daɗe, ni na ba almakashin lokaci ya tofar. Da ka tambaye ni, ƙarya na yi maka."

Zoben ya ci gaba da ƙwanƙwasa katako. Farfesa ya dubi hannun, ya kawar da kai kamar wanda ya ga tsiraicin babba.

Mai Turare ce ta fara magana, muryarta ƙasa-ƙasa, ba faɗa a ciki, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. "Ashe ke ce. Ni kuwa tun da hoton nan ya zo ban sake yarda da kaina ba. Ko gishiri zan zuba a girki sai na kira jikata ta duba min. Na gaya wa 'ya'yana kaina ya fara taɓuwa, Ta-Sannu. Har sun fara shawarar wanda zai ɗauke ni."

"Ki yafe min."

"Zan yafe. Ba yau ba dai, yau na gaji." Ta tashi ta gyara mayafinta, ta dubi Farfesa. "A bar min ɗakina. Zan sake haɗawa, ko zai kai ni baɗi."

Ya ce a bar mata, zai rubuta wa mutanen ya yi musu bayani. Ta fita ba ta waiwaya ba, warin sinadaranta ya daɗe a ofishin bayan ta tafi.

Farfesa ya yi gyaran murya. "Malama," in ji shi, da wata murya mai taushi da bai taɓa yi mata magana da ita ba, "ki tsallaka asibiti yau, zan kira wani abokina ya duba ki. In sabon garin ya zo, ni zan tsamo, ke ki zauna kusa da ni ki riƙa gaya min inda na karkace. Kafin nan kuma, kin san mai kula da sito ya kusa tafiya."

Ta san muryar, ita ma ta sha gaishe da mutane da irinta a ƙarshen baranda. Ta daɗe tana gudun wannan magana, ta zata in ta zo za ta yi kuka ko ta yi roƙo. Da ta zo, ba abin da ta ji sai gajiya, da wani barci mai nauyi da ya taso mata tsakar rana.

Ta ce, "To, ranka ya daɗe. A wurin wa zan karɓi makulli?"